Maraɗi zuwa Tasawa da ƙaramar motar kaya: ina za a tsaya, yaushe za a yi lodi?

Sale Ɗan Kasuwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanyar gabas. Lahadi mai zuwa ina so in ci kasuwar Tasawa da Hilux mai buɗaɗɗen baya, ta gazuwal. Niyyata in sayi aya a Cadawa, wake a Agye ko Gazawa, in ƙarasa Tasawa, in kwana gida Maraɗi a ranar. Buhu goma sha biyar nake hari gaba ɗaya. Ƙarfe nawa ya kamata a tashi, kuma me za a duba ga motar?

Lawali Direba:
Wa alaikumus salam Malam Sale. Bari mu fara shimfiɗa hanyar tukuna, don lissafin lokaci daga nan yake fitowa.

Garin Maraɗi ba a bisa babbar hanya yake daram ba. Sai ka fita ta arewa ka kai mararraba. Hagu ta yi Tsibiri, Gidan Runji, Ƙwanni har Yamai. Dama ita ce taka, hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta wuce Damagaram har Difa. Daga Maraɗi zuwa Cadawa bai cika kilomita 40 ba. A Cadawa ne hanyar Mayahi ta rabu ta yi arewa, kada ka bi ta. Agye na wajen kilomita 80 daga Maraɗi. Gazawa ba ta da nisa da Agye, kusan kilomita 100 daga gida. Daga Gazawa hanya ta karya ta nufi arewa, sai Tasawa a wajen kilomita 120 da ƴan kai. In mota wayam ce kuma ba a tsaya ba, awa biyu ne ko da ɗan ɗoriya. Da kaya da tsaye-tsaye, sa awa uku a ranka.

Abin da mutane ke mantawa shi ne rana. Daga Maraɗi har Gazawa gabas ka fuskanta sak. A wannan wata na Nuwamba rana na fitowa wajen shida da rabi, kuma daga nan har kusan takwas tana cikin idonka. Da yamma in ka juyo, yamma ka fuskanta, daga biyar har faɗuwarta wajen shida tana cikin idonka kuma. Hanya ɗaya, rana ta tare ka sau biyu. Shawarata ka tashi da an sallame asuba, ka ci rabin hanya kafin ta ɗago.

Rabe Bakanike:
Kafin a kai ga ƙarfe nawa, Malam Sale, buhu goma sha biyar ɗin nan ne ya tsaya mini. In buhun kilo 100 kake nufi, mai cin tiya arba'in ta hatsi, to tan ɗaya da rabi ke nan. Hilux irin wannan abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, kuma a cikin tan ɗayan har da kai, da yaron mota, da jarkar ruwa. Buhu takwas ko tara shi ne haƙƙinta. An san ana ɗora mata fiye da haka ta tafi, amma ga inda take ramawa: sifirin na baya ya miƙe ya kwanta bisa roba, duk ramin da aka faɗa ƙarfe ne ke dukan ƙarfe, har ganye ɗaya ya tsage. Tayoyin baya su yi zafi daga ciki. Gaba ya yi sama, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, fitilu su haska saman itace maimakon kwalta. Birki kuma tazarar da yake buƙata ta ƙaru sosai, ga shi garuruwan hanyar nan duk kasuwa da makaranta a bakin titi suke.

Ko ka rage kaya, ko ka yi sawu biyu, ko ka ba babbar mota sauran ta kawo maka.

Sale Ɗan Kasuwa:
Na ji, Malam Rabe. To in na tsaya ga tara, yaya zan jera su?

Rabe Bakanike:
Masu nauyi a gaba, jingine da bayan kabin, a kwance ba a tsaye ba. Nauyin ya zauna bisa gadar baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ko gabanta kaɗan, kada ya zarce ta zuwa ƙofar baya. Layi na biyu a gicciye bisa na farko kamar ginin bulo, don kada su zame a kwana. Igiya biyu a gicciye, ɗaya a tsaye, a ɗaure ga ƙugiyoyin bodi. Bayan kilomita goma a tsaya a sake ja, domin buhu na zama in ya sha girgiza, igiyar da ta yi tauri a kasuwa sai ka tarar ta saki.

Hajiya Rakiya Mai Aya:
Sannunku da ƙoƙari. Sale ɗana, ni ta fannin kaya zan shiga. Kada ka yi lodi a tafiya. In ka ɗora aya a Cadawa da safe, za ka kai ta Tasawa ka dawo da ita, kusan kilomita 170 ke nan na banza bisa taya da gazuwal, kuma ta wuni a rana cikin cunkoson kasuwa kana fargabar wanda zai farke buhu. Ka tsaya a tafiya ka ga kaya, ku yi ciniki, ka ba da kafin alƙalami, a auna a ɗinke a gabanka, ka sa alama a bakin ɗinkin da tawada. A dawowa ka ɗauka.

Ita aya, ƙasar Cadawa da Agye gidanta ne, amma sai ka san abin da kake dubawa. Yadda ake haƙarta shi ke kawo matsalar: a ƙone ganyen, a tone ƙasa, a tankaɗe da rariya. Don haka yashi da tsakuwa ba sa rabuwa da ita, musamman ƙaramar, wadda girmanta da na tsakuwa kusan ɗaya ne. Kada ka tsaya ga ta bakin buhu. Sa hannu har gwiwar hannu ka ɗebo ta tsakiya, ko a juye buhu ɗaya bisa tabarma. Ɗauki tiya guda ka sheƙe a faifai ka ga abin da zai zauna ƙasa. Ka tauna kaɗan. Wadda ta bushe sosai ta yi yamushi, tana da tauri da zaƙi. Wadda ke da laushi da sanyi a haƙori ba ta gama bushewa ba, za ta rage nauyi a hannunka, in kuma ka rufe ta a ɗaki ta yi fumfuna. Babbar aya da ƙarama kasuwarsu daban, kada ka yarda a gauraya maka.

Lawali Direba:
Maganar Hajiya gaskiya ce ta fannin mota, amma tana da tsada ta fannin lokaci, ya kamata a faɗa. In ya tashi da asuba zai iso Cadawa kafin bakwai, masu rumbu ba su buɗe ba. Kuma lodi biyu a dawowa, ɗaya a Gazawa ko Agye, ɗaya a Cadawa, kowanne ba ya kasa rabin awa in an haɗa da neman masu dako da ɗaurin igiya. Awa ɗaya ta tafi. Wanda ya bar Tasawa ƙarfe huɗu, magariba za ta same shi tsakanin Agye da Cadawa da mota cike.

Hajiya Rakiya Mai Aya:
To ai sai a gyara tashin, Malam Lawali, ba a fasa dabarar ba. Ya yi waya tun Asabar, mai kaya ya jira shi da safe. Mutanen karkara ba sa kwana har rana ta fito, a kaka ma balle.

Isufu Malamin Gona:
Ni ina da ja a kan wuni ɗayan nan baki ɗaya. Kasuwar ƙauye da ta gari irin Tasawa ba ta cika da sassafe. Amalanke da jakuna daga ƙauyuka sai hantsi suke isowa, kasuwa ta yi kauri daga azahar zuwa la'asar. Wanda ya iso takwas na safe zai zauna jira, wanda kuma ya tashi ƙarfe biyu ya bar ta tana tsakiyar ci. Abin da ya fi dacewa da ɗan kasuwa shi ne ya tafi Asabar da hantsi, bayan rana ta haye gilashi, ya tsaya Cadawa da Agye da Gazawa a natse, ya kwana Tasawa. Lahadi ya ci kasuwa. Ko ya taso da azahar, ko ya ƙara kwana ya taso Litinin da asuba, rana na bayansa har gida, ya iso daidai kasuwar Maraɗi, tunda Litinin da Juma'a take ci. Kaya daga mota sai hannun mai saye.

Game da wake kuma. Sabon wake na kaka da ƙwan ƙwaro yake zuwa tun daga gona, ko da ido bai ga huda ba. Duba ƙwayar da kyau, za ka ga ɗan farin ɗigo manne a bayanta, ƙwan ke nan. In za ka sayar cikin mako biyu, ba damuwa. In ajiya za ka yi zuwa bazara, sai buhu mai ciki uku, wanda ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maraɗi na cikin waɗanda suka yi aikin gwada shi. Sirrinsa iska: kowace leda a matse iskar a ɗaure ta daban, ƙwaron ya rasa numfashi. Leda ta huje ko da ƙaya ɗaya, aikin ya lalace. Saboda haka kada a yi wannan ɗurin a kasuwa a jefa a bayan mota inda ƙarfe zai soke shi. A kawo waken a buhun yau da kullum, a shanya, a ɗura a gida. Kuma a guji waken da ke warin magani, wasu na zuba na feshin gona a ciki.

Lawali Direba:
Tashin Litinin da asuba, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Abin da nake ƙi shi ne dare, bari in faɗi dalili dalla-dalla don kada a ɗauka tsoro ne kawai.

Ranar kasuwa da magariba, duk amalanken shanun da suka shigo da hantsi suna komawa gida, bisa gefen kwalta, ba fitila ba ƙyalli. Saniya baƙa, amalanke na itace, mutum a kwance bisa buhu. Ba ka ganinsu sai kana kansu, balle in wata mota ta taho ta dalle ka da fitila. Na biyu, manyan motoci da suka lalace. Alamar da ake sawa rassan itace ne a jere bisa titi, kafin motar da bayanta. In ka ga ganye kore a kwalta, cire ƙafa daga totur nan take, ko da ba ka ga komai ba. Wani lokacin an gyara an tafi an bar rassan da duwatsun da aka tare taya, su ma haɗari ne. Na uku, yanzu an kwashe amfanin gona, an saki dabbobi, garken shanu da tumaki na tsallaka titi a ko'ina, ba a burtali kaɗai ba. In ɗaya ta tsallaka, akwai na bayanta.

Sai wucewa. Direbobin manyan motoci kan kunna sigina ta hagu don su ce maka kada ka wuce, akwai mai zuwa, ta dama kuma wai hanya ta buɗe. Ka ɗauki ta hagun da gaske kullum. Ta daman kuwa kada ka dogara gare ta sai idonka ya gani, don wataƙila tsayawa zai yi.

Rabe Bakanike:
Ga abin dubawa, Malam Sale, kuma a yi shi jajibiri, ba safiyar tafiya ba.

Taya ita ce farko. A auna iska da safe tana sanyi. Adadin na rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, akwai na mota wayam, akwai na mai kaya, na baya ya fi in an yi lodi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsaya a hanya a taɓa taya a ji zafi, a sace mata iska. Taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwasa tana dahuwa har ta fashe. In ta yi zafi a ba ta inuwa da minti goma sha biyar, kada a rage, kada kuma a watsa mata ruwa. A duba shekarunta: a gefen taya bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar gwanjo na iya zuwa da zane mai kyau amma roba ta tsufa ta yi tsaga-tsaga a gefe. Wadda ta haura shekara shida kada a sa ta a baya ƙarƙashin kaya. Safaya ma a auna ta, a kuma gwada sauko da ita, domin sarƙar da ke riƙe ta a ƙarƙashin bodi kan ci tsatsa ta ƙi juyawa.

Jak ya zama mai ɗaukar tan biyu ko uku, da guntun katako mai kauri da za a ɗora shi a kai. Gefen hanyar nan yashi ne, jak ba katako nutsewa yake yi mota ta zame.

Ruwan lagireto a duba inji na sanyi. A riƙe jarka mai lita goma. In allurar zafin inji ta hau, a tsaya, a bar inji ya huce kamar rabin awa, kada a buɗe murfi yana tafasa. Bel na fanka a danna da yatsa, in ya yi sako-sako ko ya fara zare a canza, a ajiye tsohon a mota. Hunturu ya fara, matatar iska a cire a kakkaɓe, a hura daga ciki zuwa waje. Gilashin gaba a wanke ciki da waje, wannan ya shafi maganar ranar da Malam Lawali ya yi: ƙura bisa gilashi in rana ta doke ta, fari fat za ka gani.

Mai kuma, zuwa da dawowa kusan kilomita 250 ne. Irin motar nan da kaya tana shan wajen lita 11 ko 12 a kilomita 100, wato lita talatin. Sha lita arba'in a gidan mai a Maraɗi ka huta. Injin gazuwal ba ya yafe ruwa ko datti. In dole ta sa an sayi na jarka, a tace da ƙyalle mai tsabta, kada a juye har gindin jarkar, can ruwa ke kwanciya. Akwai ƴar matatar da ke raba ruwa da mai, da maƙunshi a ƙasanta, a kwance a zubar da abin da ya taru kafin tafiya.

Mamman Ɗan Tasawa:
Ku da zuwa garinmu, barka. Ƙari kaɗan. Takardu su zama a hannu ba a ƙasan kujera ba: parmi (lasin tuƙi), kartigiris (takardar rajistar mota), asiransi (inshora), binyat (shaidar harajin mota), takardar bizit (ta duba lafiyar mota), da katin ɗan ƙasa na duk wanda ke cikin motar. Tikitin peyaji, wato na kuɗin hanya, a adana shi har a iso, ana iya tambaya a gaba. A riƙe ƙananan kuɗi, canji na ɓata lokaci a shinge. Alwatika ta gargaɗi da abin kashe gobara su ma jandarma na tambayarsu.

Ranar Lahadi kada ka kutsa da mota tsakiyar kasuwa. Da hantsi za ka shiga lafiya, da azahar amalanke da babura sun rufe ka, fita sai an yi awa. Aje ta a bakin babbar hanya ta gefen da za ka fita, gabanta na kallon Gazawa, a kawo maka kaya a kura.

Tunda mota za ta sami sarari a sama, kayan kaba ba su da nauyi. Kwarin Gulbin Kaba ya ratsa ƙasar Gazawa da Tasawa ya nufi Mayahi, goruba ce cike da shi, daga nan tabarmi da igiya da faifai ke fitowa. Tabarma goma bisa buhuna ba za ta dami sifirin ba, kuma ta kare kaya daga rana.

Wanda ke da sauran lokaci, gaba da Tasawa kaɗan a hanyar Damagaram akwai Maijirgi, inda aka kashe Voulet, Bafaranshen da ayarinsa ya ƙone garuruwa a ƙasar Hausa a 1899. Daga Tasawa zuwa Damagaram kuma bai kai nisan Tasawa zuwa Maraɗi ba, ta Takeita, inda hanyar Matamaye ta rabu.

Isufu Malamin Gona:
Tunda an taɓo abin gani, Malam Sale ka lura da gonaki tsakanin Cadawa da Agye. Itatuwan da ke tsaye cikinsu, gawo da kalgo da sabara, galibi ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka daina tumɓuke kututture a lokacin sassabe, suka zaɓi tsiro biyu ko uku mafi ƙarfi suka bar su, suna sassake sauran. Ƙauyen Ɗan Saga a ƙasar Agye ya yi suna a kan wannan aiki. Yanzu ne gawo ke fitar da ganye, lokacin da sauran ke zubarwa. Yana da amfani ga direba ma: inda gawo ya yi yawa a bakin hanya, nan dabbobi ke taruwa.

Sale Ɗan Kasuwa:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na tsaya ga buhu tara, tafiya Asabar, dawowa Litinin da asuba. Saura abu ɗaya. In mai waken ya ce kayan na ƙauye, kilomita biyar ko shida daga kwalta, in shiga da motar?

Lawali Direba:
In da hali, a fito maka da shi bakin titi a amalanke, kuɗin bai kai na wahalar ba. Hanyoyin ƙauyukan nan jigawa ce, sawun amalanke ya yi zurfi, tsakiya ya yi tudu. Mota wayam ta shiga, mai kaya ta zauna bisa cikinta.

In ba makawa, shiga da sassafe yashi na da sanyi, ya fi riƙe taya. Sa giya ta biyu, tafiya ɗaya ba tsayawa ba canza giya a tsakiyar yashi. In motar mai gada biyu ce, wato mai ja da taya huɗu, sa ta tun kana bisa ƙasa mai tauri, ba sai ka kafe ba. Da ka ji taya na juyawa mota ba ta gaba, ɗaga ƙafa. Ƙarin wuta rami yake tonawa. A kwashe yashin gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa karan dawa ko rassan sabara, a sauke buhu uku ko huɗu in ya kama.

Rabe Bakanike:
Ana rage iska a yashi, zuwa kamar bar 1.5 a ma'aunin iska, taya ta baje. Amma wannan sai mai famfo a mota. Kada a hau kwalta da buhu tara bisa tayar da aka sace wa iska, ko da mai faci na kilomita uku gaba. In ba ka da famfo, Malam Sale, aro na ƙafa ka jefa bayan kujera, ka gwada bakinsa a kan bawul ɗin tayarka tun a gida, don wasu ba sa kamawa.